Wa Zai Biya Ɓarnar Daminarmu?

Ranar Juma'a 30 ga Agustan 2024 aka yi ruwan da ya kai milimita 150 a birnin Maraɗi cikin minti 90 kacal. Wanda ke gari a ranar ba sai an tuna masa ba. Mutum 15 aka ƙirga sun rasu a wannan ruwa kaɗai, kuma kafin damina ta ja baya, mutanen da ambaliya ta kashe a faɗin Nijar sun haura 300, waɗanda ta taɓa sun wuce miliyan ɗaya, jiharmu ta Maraɗi ce kan gaba wajen yawan mamata. Kwanaki kaɗan bayan namu, tsohon masallacin Damagaram, ginin ƙasa da ya tsaya tun ƙarni na 19, shi ma ya zube. Har komawar yara makaranta sai da aka ɗaga zuwa ƙarshen Oktoba, domin azuzuwa sun zama wurin kwanan waɗanda ba su da rufi.

Ɗakuna biyu na gwaggona suka faɗi a daren. Da safe na iske ta zaune bisa turmi da ta kife, ta baza geron da ya jiƙe a kan tabarma tana juya shi da hannu, alhali ita ma ta san ba zai ƙara ciyuwa ba. Azara ta karye ta danne akwatin da take ajiyar takardun haihuwar jikokinta. Akuyarta ɗaya na ƙarƙashin bango. Maƙwabta na shigowa suna cewa Allah ya mayar da alheri, tana amsawa da amin. Bayan kwanaki wasu mutane suka zo da takarda, suka rubuta sunanta da yawan mutanen gidan, daga baya aka ba ta buhun shinkafa, da bargo, da bokiti. Ta yi godiya har da ɗaga hannu sama.

Na ce mata, "Gwaggo, ba su tambaye ki abin da ya salwanta ba?"

Ta ce, "Haba ɗan nan. Mai ba ka kyauta kake yi wa lissafi?"

Wannan amsa ta daɗe tana yi mini yawo a rai, domin na san gwaggona. Shekarun baya shanu sun kwana a gonarta ta wake, ana saura kwanaki a tsinka. Ko karin kumallo ba ta yi ba ta tafi ƙofar maigari. Aka tura dattawa suka taka gonar, suka duba inda aka ci da inda aka tattake, suka ƙiyasta tiya nawa aka yi asara, aka kira mai shanu ya biya. Ranar ba ta gode wa kowa ba sai Allah, kuma ba wanda ya ga baikenta. Mace ɗaya ce, asara kuma asara ce. Abin da ya bambanta shi ne, a ta wake ta san akwai wanda ya yi ɓarna kuma akwai ƙofar da ake kai ƙara, a ta ambaliya an gaya mata daga sama ne kawai.

Na yarda daga Allah ne. Amma shigar shanu gona ma da ƙaddarar Allah take, kuma bai hana a biya ba. Direban da ya buge mutum, ƙaddara ce, diyya kuma tana nan. Shari'ar gona da dabbobin da suka yi mata ɓarna da dare tana cikin Alƙur'ani, a Suratul Anbiya, inda Annabi Dawuda da Annabi Sulaimanu suka yi hukunci a kanta. Malamanmu kullum suna karanta mana hadisin da ke cewa ba cuta ba cutarwa. Don haka idan na ce wanda ya lalata yanayin duniya ya kamata a tsayar da shi gaban alƙali, ba baƙuwar magana na ɗauko daga waje ba. Abin da muke yi a ƙofar maigari ne kowace kaka.

To su wa suka saki shanun? Hayaƙin man fetur da iskar gas da gawayin ƙasa da aka shafe sama da shekara 150 ana ƙonawa shi ne ya taru a sama ya riƙe zafi. Iska mai zafi ta fi ɗaukar laima, shi ya sa idan ta tashi saki, takan sako ruwan wata guda a sa'a biyu, sannan ta bar ka da fari a tsakiyar damina gero yana bununi. Masanan da suka binciki ruwan 2024 a yankin kogin Kwara da tafkin Cadi sun gano cewa ɗumamar duniya ta ƙara masa ƙarfi da kashi 5 zuwa 20 cikin ɗari. Zafin da aka yi a Sahel cikin azumin wannan shekarar, wanda ya kai digiri 48.5 a Kayes ta Mali, sun ce da ba don hayaƙin ɗan Adam ba da ba a gan shi ba. Yanzu a duba rabon kowa a cikin hayaƙin. Ɗan Nijar yana fitar da kimanin kashi ɗaya cikin goma na tan guda a shekara. Ba'amurke ɗaya yana fitar da wajen tan 14. Afirka dukanta, da mutanenta sama da biliyan ɗaya, ba ta kai kashi 4 cikin ɗari ba. Gwaggona ba ta taɓa mallakar ko babur ba.

Shekara da shekaru hanyar da aka bi ita ce ta taro da alkawari. A Kopanhegan a 2009 ƙasashe masu arziki suka ce za su riƙa ba da dala biliyan 100 kowace shekara daga 2020. Sai 2022 aka ce adadin ya cika, kuma mafi yawansa bashi ne, wato wanda aka yi wa ɓarna shi ake ranta wa kuɗin gyara da ruwa a kai. A Masar a 2022 aka amince da asusun biyan asara da ɓarna, aka buɗe shi a Dubai a 2023, alkawuran farko suka tsaya a wajen dala miliyan 700, kuɗin da ba zai gyara ɓarnar damina ɗaya a Sahel ba. Duk wannan tsarin kyauta ne. Mai bayarwa shi ke yanke nawa, da yaushe, da wa. Idan ya ga dama ya fasa, kamar yadda Amurka ta sake juya wa yarjejeniyar Faris ta rage ɗumamar duniya baya a Janairun 2025.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da ya faru ranar 23 ga Yulin 2025 a birnin Heg na ƙasar Holan. Kotun Duniya, babbar kotun Majalisar Ɗinkin Duniya, ta fitar da fatawarta a kan sauyin yanayi, alƙalan baki ɗaya ba wanda ya saɓa. Ta ce kare yanayi wajibi ne a kan ƙasashe, har da waɗanda suka fice daga yarjejeniyoyi, domin dokar hana cutar da maƙwabci ta girmi yarjejeniyoyin. Ta ce ƙasar da ta yi sakaci wajen taƙaita hayaƙinta, ko ta ci gaba da ba da lasisin haƙar mai da tallafa masa ba tare da kula ba, tana iya zama mai laifi a dokar duniya. Ta ce mai laifi sai ya daina, ya gyara, ya biya diyya idan aka tabbatar da alaƙa tsakanin aikinsa da asarar. Ta kuma ɗaure batun da haƙƙin ɗan Adam: rai, lafiya, abinci, ruwan sha, matsuguni, duk ba sa tsayuwa idan muhalli ya lalace.

Asalin wannan shari'a ya kamata kowane ɗalibi a jami'ar Ɗan Dikko Ɗanƙulodo ya sani. Ɗaliban koyon shari'a ne su 27 a tsibiran tekun Fasifik suka fara maganar a aji a 2019. Suka shawo kan gwamnatin Vanuatu, ƙasar da mutanenta ba su kai kashi ɗaya cikin goma na mutanen jihar Maraɗi ba. Vanuatu ta bi ƙasashe ɗaya bayan ɗaya, har babban zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya miƙa tambayar ga kotu ranar 29 ga Maris 2023. A Disambar 2024 ƙasashe 96 da ƙungiyoyi 11 suka tsaya gaban alƙalai, Tarayyar Afirka na ciki, maƙwabciyarmu Burkina Faso ma ta yi magana.

Na san abin da za a ce mini, domin an riga an faɗa mini a majalisar da muke shan shayi bayan isha'i. Wani yayanmu, tsohon ma'aikaci, ya ce, "Malam, wannan takarda ce kawai. Wane ɗan sanda ne zai je ya kamo Amurka?" Gaskiyarsa. Fatawa ce, ba hukuncin da ake tilastawa ba. Talaka ba ya iya shigar da ƙara a wannan kotu, sai ƙasa. Kuma mun ga da idonmu yadda manyan ƙasashe ke taka dokar duniya idan ta tsaya musu a hanya, su kuma ɗaga ta sama idan ƙaramar ƙasa ce za a hukunta. Mutumin Sahel da ya yi wa dokar duniya kallon shakka yana da dalilinsa. Ko inda aka yi nasara, jinkirin na da zafi. Manoma huɗu na yankin Neja Delta sun kai kamfanin Shell ƙara a Holan a 2008 saboda man da ya malale musu a gonaki da tafkunan kifi. Sai Janairun 2021 kotun ɗaukaka ƙara ta ba su gaskiya, sai ƙarshen 2022 aka daidaita a kan yuro miliyan 15, dukansu huɗun sun riga mu gidan gaskiya kafin a kai nan. Wani manomin Peru ya yi shekara goma yana shari'a da kamfanin wutar lantarkin Jamus RWE a kan narkewar ƙanƙarar dutsen da ke saman garinsu. A Mayun 2025 aka kori ƙararsa, an ce haɗarin da ke kan gidansa bai kai ba, duk da kotun ta yarda cewa kamfani mai yawan hayaƙi ana iya bin sa bashin ɓarna ko da a wata nahiya aka yi ta.

Duk da haka ban yarda takarda ce kawai ba, kuma hujjata ba daga Turai take ba. Daga Ƙonni take. Hadijatu Mani tana da shekara 12 aka sayar da ita a matsayin baiwa. Kotunan cikin gida suka yi ta jujjuya maganarta, har aka ɗaure ta don ta auri wanda take so. Da taimakon ƙungiyar Timidria mai yaƙi da bauta ta kai ƙara kotun CEDEAO, wato ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, kotun ta zo ta zauna a Yamai, ranar 27 ga Oktoban 2008 ta yanke cewa ƙasar Nijar ta gaza kare ta daga bauta, ta umarci a biya ta sefa miliyan 10. Gwamnati ta karɓi hukuncin. Bauta ba ta ƙare ranar ba, amma daga ranar babu alƙalin da zai sake cewa al'ada ce ya kau da kai hankalinsa kwance. Mace ƴar ƙauye da ba ta shiga aji ba ta riƙe igiyar dokar duniya ta ja, kuma abu ya motsa.

Wannan ƙofar yanzu a rufe take, tunda ƙasarmu ta kammala ficewa daga CEDEAO a Janairun 2025. Kowa da ra'ayinsa a kan ficewar, ba shi ne zancena ba a yau. Abin da nake cewa shi ne, duk lokacin da aka rufe wa talaka wata ƙofar kai kuka, wajibi ne a buɗe masa wata. Muna da Yarjejeniyar Afirka ta Haƙƙin Ɗan Adam da Al'ummomi ta 1981, wadda sashenta na 24 ya ce kowace al'umma na da haƙƙin muhalli mai kyau da zai ba ta damar ci gaba. Mu ne muka riga duniya rubuta wannan: sai Yulin 2022 babban zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince da irinsa, da ƙuri'a 161. Da wannan sashe aka ba mutanen Ogoni na Najeriya gaskiya a 2001 kan ɓarnar da haƙar mai ta yi wa ƙasarsu. A 2021 Nijar ta amince ɗaiɗaikun mutane da ƙungiyoyi su iya kai ƙara kai tsaye kotun Afirka ta haƙƙin ɗan Adam da ke Arusha ta ƙasar Tanzaniya, kuma a Mayun 2025 wata gamayyar lauyoyin Afirka ta nemi wannan kotu ta ba da tata fatawar a kan sauyin yanayi. Ƙasashen Sahel da ke maganar ƴancin kai da mutunci su ya fi dacewa su shige gaba a wannan fage. Babu mutuncin da ya wuce ka daina miƙa ƙoƙon bara ka miƙa takardar bin bashi.

Sai dai mai riƙe da wannan wuƙa ya san tana da baki biyu, kuma a nan ne wasu ke fara tari. Haƙƙin rai da matsuguni da muke nema a hannun ƙasashen waje, farkon wanda zai amsa tambaya a kansa shi ne hukumomin gida. Ruwan 30 ga Agusta daga sama ya zo, amma magudanan da suka toshe da leda da yashi ba Amurka ta toshe su ba. Filayen da aka yanka aka sayar wa mutane a kan hanyar ruwa, akwai hannun da ya sa musu hatimi. Garin nan ya san ruwa tun ba yau ba: ambaliyar Gulbi ta 1945 ce ta sa aka tashi tsohon gari daga kwari aka hau tudu. Shekara tamanin bayan haka muna sake gangarawa inda kakanninmu suka gudo. A Pakistan wani manomi mai suna Asgar Legari ya kai gwamnatinsa ƙara a 2015. Bai ce ita ta ɗumama duniya ba. Cewa ya yi ta rubuta tsarin kare jama'a daga sauyin yanayi ta ajiye a aljihun tebur. Babbar kotun Lahore ta ba shi gaskiya, ta kafa kwamiti ta tilasta wa ma'aikatu su riƙa zuwa suna bayanin abin da suka aiwatar. Irin wannan shari'ar ba ta buƙatar tikitin jirgi, kuma ita ce na fi so in ga lauyoyinmu sun gwada.

Akwai kuma batun man fetur ɗinmu. Matatar Damagaram na aiki tun 2011, bututun da ya tashi daga Agadem zuwa gaɓar tekun Benin, mai tsawon kusan kilomita 2000, ya fara fitar da ɗanyen mai a 2024. Wani zai ce yaya mai sayar da mai zai yi ƙarar masu ƙona shi? Ban ga cin karo ba. Dokar da kanta ta bambanta nauyi gwargwadon abin da kowa ya fitar a tarihi da kuma ƙarfinsa, kuma ƙasar da mafi yawan ƙauyukanta ke kwana cikin duhu ba za a auna ta da mudu ɗaya da wadda ta yi ƙarni biyu tana ƙona gawayi ba. Amma wannan uzuri yana da sharaɗi a wurina. Idan talauci ne hujjar haƙo man, to kuɗinsa su bayyana a jikin talaka: a magudanan ruwa, a irin shuka mai saurin nuna, a rijiyoyin noman rani, a gas ɗin girki da zai rage wa dajin Baban Rafi gatari.

Wanda ke shakkar cewa haƙƙi na iya canza ƙasa, ya fita bayan gari ya bi hanyar Agye ko Tasawa ya dubi gonaki. Mahaifina ya ba ni labarin lokacin da itacen da ke cikin gonarka ba naka ba ne, na hukuma ne. Ka sare reshe a ci ka tara. Saboda haka manomi ba ya barin tsiro ya girma, da sassabe ya zo sai ya share komai ya ƙone kututture, don me zai reni abin da zai jawo masa masifa? Gonaki suka zama fili fetal, iskar farkon damina ta riƙa binne shuka da rairayi, a yi shuka sau biyu sau uku. Bayan yunwar 1984, shekarar da aka yi babban taron ƙasa kan yaƙi da hamada a nan Maraɗi, aka fara yaɗa abin da muke kira sassabin zamani. Wani ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa kututturen da ke ƙasa da ransu, manoma kuma suka ɗauki dabarar suka gyara ta: a zaɓi tsiro biyu ko uku masu ƙarfi a bari, a datse sauran. Dabarar ba ta da tsada, amma abin da ya sa ta bazu shi ne sannu a hankali hukuma ta sassauta hannu, manomi ya tabbata itacen da ya rena nasa ne. Dokar gandun daji ta 2004 ta ƙarfafa wannan, dokar Yulin 2020 ta fito da shi fili. Yau ana maganar kadada miliyan 5 da itatuwa kimanin miliyan 200, mafi yawa a jihohin Maraɗi da Damagaram. Gawo, kalgo, sabara, aduwa, magarya. Wannan shi ne aikin gyaran yanayi mafi girma da aka yi a Sahel, talakawa suka yi shi da adda da gatari, kuma hayaƙin da itatuwan ke shanyewa ba namu ba ne. Idan aka zauna lissafi, wannan ma a rubuta shi a ɓangarenmu.

Lissafin shi ne inda muke da rauni. Kotun Duniya ta ce diyya sai da tabbacin alaƙa tsakanin laifi da asara, kuma kowace ƙara da hujjarta. A ƙofar maigari ma haka ne: idan ba a taka gona an ƙiyasta ba, ba a biya. Mu kuwa muna barin ɓarna ta wuce ba rubutu. Takardar da aka zo da ita gidan gwaggona suna ne da yawan baki, ba ɗaki, ba akuya, ba tiyar gero. Abin da nake roƙo ƙarami ne kuma yana hannunmu. Kowane mai unguwa da maigari ya samu littafi guda na damina: ranar da ruwa ya sauka, ranar da ya ɗauke, kwana nawa aka yi fari, gida nawa ya faɗi, gona nawa yashi ya binne, dabba nawa ta mutu, wa ya tafi ci-rani bai dawo ba saboda gona ta daina ciyar da shi. A rubuta da boko ko da ajami, duk ɗaya. Matasan da ke ɗaukar hoton ambaliya suna watsawa a WhatsApp su riƙa haɗawa da sunan unguwa da kwanan wata, a samu wurin da ake tarawa. Malaman jami'armu da ɗalibansu su haɗa wannan da ma'aunin ruwan sama na shekaru. Limamai su yi huɗuba a kan ɓarna da diyya kamar yadda suke yi a kan haƙuri. Gidajen rediyonmu su karanta wa mutane abin da kotun ta faɗa da Hausa, sashe sashe, don wadda ke tallar fura ta ji cewa an ambaci haƙƙinta.

Ni na fara da gidanmu. Na sayi littafi mai bango ja, na koma wurin gwaggo, na ce ta lissafa mini duk abin da ruwan ya ci. Da farko ta ƙi, ta ce abin da ya wuce ya wuce. Da na tuna mata shari'ar wakenta sai ta gyara zama. Ɗaki biyu, azara goma sha huɗu, ƙofar langalanga ɗaya, akuya mai ciki, gero tiya talatin da biyu, katifa, takardun yara uku. Sai ta ce in ƙara da kuɗin maganin zazzaɓin da ƙaramin jikanta ya sha bayan sun yi mako biyu suna kwana a waje. Na rubuta, na sa kwanan wata, ta dangwala yatsa a ƙasa.